Keita, Buza, Madawa: Mu Buga Waƙoƙinmu Tun Masu Su Suna Raye

Jama'ar Keita, jama'ar Buza, jama'ar Madawa, iyayenmu sarakuna, malamai, iyaye mata, samari da ƴan mata, da ku ƴan bida da ke Abijan da Legas da Libiya, ku ba ni aron hankalinku. Kira nake yi a kan abu guda. Mu kafa ƴar ƙaramar maɗaba'ar waƙa tamu ta kanmu a nan ƙasar Adar da Majiya, mu fitar da littafinta na farko kafin 21 ga Maris mai zuwa, ranar da hukumar UNESCO ta keɓe wa waƙa tun 1999. Ba sai an gina bene ba, ba sai an sayo injin da zai cika ɗaki ba. Ɗaki guda ya isa, da tebur, da kwamfuta, da na'urar buga takarda, da faifan hasken rana, da mutum biyar ko shida da suka ɗauki abin da gaske.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. A 1984, lokacin da fari ya cinye gero ya kwashe dabbobi, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM da ake biyan ma'aikata da shi. Maza da yawa sun riga sun tafi bida. Mata ne suka fi cika wurin aikin. Su suka ɗauko duwatsu a ka, su suka haƙa ramuka a jikin tuddai don tare ruwa, su suka jera gandari a kan faƙo, su suka dasa miliyoyin itatuwa a inda aka ce ko ciyawa ta yi ƙaura. Baƙi sun zo daga ƙasashe sun gani da idonsu, sun koma sun rubuta rahotanni da Faransanci da Italiyanci da Ingilishi. An ƙirga kadada, an ƙirga itatuwa, an ƙirga buhunan abinci. To, duk wanda ya san matan ƙasar nan ya san ba su aiki baki a rufe. Ina abin da suka rera a kan tudu da rana tsaka? Ina habaicin da aka yi wa mai noƙewa, ina kewar mijin da ya tafi bai aiko ba, ina yabon wadda ta fi kowa ɗaukar dutse? Suna nan cikin kawunan iyayenmu, kuma yarinyar da ke da shekara 20 a wancan lokaci yau ta haura 60. Kowace jana'iza da muka raka a Garhanga ko Ibohaman ko Tamaske, akwai baitocin da muke binnewa tare da mamaciyar. Itatuwan da suka dasa suna tsaye. Maganarsu ce ke tafiya, kuma mu ne za a tambaya.

Kada wani ya ce mana rubuta waƙa baƙon abu ne a wannan yanki. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a ƙasar nan ya zauna, kabarinsa yana ƙasar Madawa. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u sun san cewa wa'azin da aka ɗaura a kan kari da amsa-amo ya fi saurin shiga zuciya kuma ya fi daɗewa a cikinta, shi ya sa suka yi ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u ta naɗa jajis, mata masu ilimi, suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta zuwa ƙauyuka suna karantar da ƴan taru. Takarda guda a hannun mace guda, ƙauye guda ya ji. Har yau akwai gafakar malamai a garuruwanmu da ke ɗauke da waƙoƙin ajami da kakanni suka kwafa da tawada, wasu gara ta fara cin gefensu.

Ta wajen baka kuma ba a magana. A Tawa aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokowa ya ji ɗan kokowa yana kirari ya san ya ji waƙa, ko da mai yinta bai taɓa riƙe alƙalami ba. Gasar kiɗa da aka yi ta yi a Tawa sunan Ɗan Gurmu take ɗauke da shi, mawaƙin wannan jaha. Ga waƙar gayya a gona, ga ta daka da ta niƙa, ga gaɗar ƴan mata a dandali, ga kirarin maharba da na mahauta. Ga ƴan uwanmu Abzinawa da tendensu da haruffansu na tifinag, ga Fulani da waƙoƙin shanunsu. Maɗaba'ar da nake kira a kafa ta kowa ce. Hausa za ta fi yawa a cikinta don ita ce harshen kasuwa, amma ranar da waƙar Tamajak ta zo, a buga ta da harshenta a shafi guda, fassarar Hausa a shafin da ke kallonta.

Wani zai ce, ai akwai masu buga littattafai a Yamai. Akwai, kuma sun yi abin yabo. Kamfanin Albasa ya fitar da littattafai cikin harsunan gida a farkon shekarun 2000 da tallafin Jamus. Gashingo tana buga littattafan Hausa da sauran harsunanmu. Cibiyar INDRAP ta daɗe tana shirya littattafan makaranta. Amma tsakaninmu da Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 500, kuma mai zama a ofis a can ba zai san wace tsohuwa ce a wace unguwa ta Buza ke riƙe da waƙar da babu mai ita sai ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marigayi Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya tattara tarihin Adar na kafin zuwan Turawa ya buga shi tun 1975. Ya sauke nauyin tarihi. Nauyin waƙa yana jiran mai ɗauka.

Akwai kuma wani dalili da ya ƙara wa maganar nan nauyi. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Mun yi murna, kuma ta cancanta. Sai dai doka ba ta rubuta littafi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma matsalar da ta bi irin waɗannan makarantu har yau ita ce yaro ya iya karatu da harshensa, ya fito aji, ya rasa abin karantawa. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali bai samu littafi mai daɗi a hannunsa ba, bayan ƴan shekaru karatun zai gudu. Ku ba shi waƙar kakarsa a rubuce, ku ga ko zai ajiye ta.

Mu dubi Kano. A ƙarshen shekarun 1980, da manyan kamfanonin buga littattafai suka ja baya, matasa ba su zauna suna kuka ba. Suka riƙa tara kuɗinsu suna buga labaransu, suna kai wa masu shaguna a kasuwa. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da abokansu na ƙungiyar Raina Kama sun sa dubban mata da matasa sun koma karatun Hausa, har littattafan suka tsallako iyaka suka iso kasuwanninmu. Kafin su, Mudi Sipikin ya kafa ƙungiyar Hikima a Kano, mawaƙa suna haɗuwa suna gyara wa juna baiti, suna karanta waƙoƙinsu a rediyo. Cikinsu har da mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya Ƴar Shehu, waɗanda aka tara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Mu ɗauki ƙarfin halin Kano. Abu guda ne ba zan so mu ɗauko ba, shi ne gaggawar da ta sa littattafai da yawa suka fita ba a tace su ba, kurakurai cike da shafi. Labari yana iya jure kuskuren rubutu. Waƙa ba ta jurewa, don gaɓa guda in ta faɗi, karin ya karye.

Can nesa kuma, a birnin Buwenos Aires na ƙasar Ajantina, bayan tattalin arzikinsu ya rushe, wasu marubuta da masu zane suka kafa Eloísa Cartonera a 2003. Suna sayen kwali daga hannun masu tsintarsa a titi, su yanka shi ya zama bangon littafi, su yi masa zane da hannu, su ɗinka shafukan da aka kwafa a ciki. Dabarar ta bazu a ƙasashe da yawa. Kwali kuwa ba ya ƙarewa a kasuwar Madawa.

Bari in yi muku lissafin a fili, don kada abin ya zama kamar mafarki. Fallen takarda guda irin na ofis, in an buga shi gaba da baya aka ninke biyu, shafi 4 ke nan. Falle 8 sun ba da littafi mai shafi 32, wanda zai ɗauki waƙoƙi goma sha biyar ko ashirin in ba dogaye ba ne. Ƙunshin takarda mai falle 500 zai fitar da kwafi 62. Ƙunshi biyu, kwafi fiye da 120, kuma wannan ya isa bugun farko. Bango a yi shi da takarda mai kauri ko kwali. Ɗinki kuwa allura da zare ne, aikin da kowane tela da kowane baduku a garin nan zai yi ido a rufe. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, yanzu suna cikin wayar hannu da kwamfuta, babu sauran uzurin rubuta su ba daidai ba. Inda babu na'urar buga takarda, a shirya shafukan a waya a kai shagon fotokofi a Tawa ko Madawa.

Littattafai uku nake gani a shekarar farko. Na farko na iyayenmu mata ne, waƙoƙin aikin tudu da na daka da na reno, kowace waƙa da sunan mai ita da garinta a samanta, in ta yarda. Na biyu na matasa ne, sababbin waƙoƙi da aka rubuta yau a kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya yau: tafiyar bida da jiran wanda ya tafi, farashin albasa da ke faɗuwa ranar da kowa ya kwashe tasa, ƙoramar da ke cinye gona kowace damina, soyayya, tsoron hanya. Na uku na malamai ne, waƙoƙin ajami da ke cikin gafaka, a ɗauki hoton shafin asali a ajiye a gefe guda, boko a ɗaya gefen, mai littafin kuma ya koma gida da abinsa a ranar. Kuma ina roƙo da babbar murya, a bar Adaranci yadda yake. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a gabatarwa da bayani, amma waƙar da aka rera da harshen Adar, in aka miƙe mata baki ta koma ta Kano, amsa-amonta zai watse, mai ita ma ba za ta gane ɗiyarta ba.

Littafi ba ya fitowa sai da masu iya yin sa, don haka zaman koyon rubutu shi ne gaba da komai. A yi shi bayan an ɗaure gero an kai rumbu, kafin samari su hau mota. Kwana uku a gidan matasa ko a ajin makaranta da yamma sun isa a fara. Malamin makaranta ya koyar da ƙa'idar rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Malamin zaure da ya san aruli ya nuna yadda ake auna ɗango, da bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar, da yadda ake riƙe amsa-amo daga baitin farko har na ƙarshe, da yadda magabata ke ɓoye shekarar waƙa cikin ramzi. Waɗannan malamai biyu sun daɗe suna wuce juna a hanya da sallama kawai, lokaci ya yi da za su zauna a tabarma guda. Sannan a koya wa matasa ladabin ɗaukar waƙa daga bakin tsoho: ka je da gaisuwa, ka faɗi abin da za a yi da ita, ka nemi izini kafin ka kunna waya, ka rubuta abin da aka faɗa ba abin da kake jin ya kamata a faɗa ba, ka koma ka karanta mata ta gyara maka. Sashen da ya fi wuya shi ne na ƙarshe, inda kowa zai tashi ya karanta tasa waƙar, sauran su faɗa masa inda ta yi rauni. Za a ji zafi. Wanda ya jure wannan zafin shi zai zama marubuci.

Ƴan mata su samu nasu zaman, da malama mace, a lokacin da iyaye za su yarda. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ta nuna yawan matan da ke rubutu a ɓoye suna jiran a buɗe musu ƙofa. Irinsu suna nan a Keita, suna rubutu a bayan littafin lissafi suna ɓoyewa ƙarƙashin katifa.

Na san tambayar da ke bakin wasu: wa zai karanta, alhali mafi yawan manyanmu ba su yi boko ba? Waƙar Hausa da ma don kunne ake rubuta ta. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfirajinsa ta zaga ƙasar Hausa a bakin masu rerawa, takarda kuma ta tsare ta daga ɓacewa da canzawa. Kowane littafi da muka buga, a yi masa ranar fita. A zaɓi ranar kasuwa, bayan la'asar, a shimfiɗa tabarmi, mai waƙa ta rera da bakinta, jikanta ya karanta daga takarda. A kai wa rediyon gari ya sa. A ɗauki muryar a tura ta WhatsApp zuwa ga ƴan bida. Ranakun ma suna nan a jere: 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, 21 ga Maris ranar waƙa, 23 ga Afrilu ranar littafi, 26 ga Agusta ranar Hausa. A riƙa zagayawa, wannan karo Keita, na gaba Buza, na gaba Madawa, don kada wani gari ya ga kamar an mayar da shi ɗan rakiya.

Wasu kuma za su ce ana fama da abinci da tsaro, wa ke ta waƙa? Ban raina wannan magana ba, don yunwa ba wasa ba ce. Amma matan da suka hau tudu a 1984 sun fi mu sanin yunwa, kuma ba su daina rerawa ba. Abin da ake nema a nan bai kai kuɗin shayi da sukari da fada guda ke kashewa a wata ba.

Maganar kuɗi ke nan, kuma a nan nake so mu yi taurin kai. Kada mu jira froje. Abin da froje ya kawo yakan tsaya ranar da motar froje ta tafi. Dabarar tana gidanmu: tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara a jahar Maraɗi, mata suna zuba ɗan abin da suka samu kowane mako cikin akwati, kuma tsarin ya bazu har wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwaya. Mutum ashirin su zuba jaka guda ta sefa kowane wata, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a gaban kowa. Kafin a buga littafi, a bi gari a karɓi kuɗin masu so, a rubuta sunayensu a shafin ƙarshe. Abin da aka samu a raba uku: kason mai waƙa, kason bugu na gaba, kason gyaran na'ura. Kason mai waƙa kada a taɓa shi ko da wasa. Mawaƙanmu sun daɗe suna ganin muryarsu tana yawo a kaset da katin waya ba tare da ko dala ta dawo hannunsu ba. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a Yamai, a yi rajistar kowane littafi a can. Kuma kada a bar maɗaba'ar ta zama ta wata jam'iyya ko ta wani mai kuɗi guda, don ranar da ta zama haka, littafinta na gaba yabonsa ne.

Ranku ya daɗe sarakuna, ku ba da zaure, ku kira makaɗan fada su buɗe bakinsu ga masu rubutawa. Magadan gari, ɗaki guda da wuta muke roƙo a gidan matasa. Alhazan albasa na Tamaske da Madawa, ƙunshin takarda biyu ba zai girgiza ku ba, kuma sunanku zai shiga littafi. Ɗaliban jami'ar Tawa da kuke ƴan asalin nan, in kun dawo hutu ku zo da kwamfutocinku, ku ne masu bugawa da tacewa. Ƴan bida, ku ne kuka fi kowa kewar gida, ku sayi kwafi goma-goma ku raba a zango. Samarin fada, ku ne ƙafafun wannan aiki.

Kai da ka karanta wannan, kada ka jira a kira taro. Yau da daddare, bayan an ci tuwo, ka je wurin kakarka ko gwaggonka da ta yi aikin tudu, ka gaishe ta, ka roƙe ta waƙa guda. Ka ɗauka a waya, gobe ka rubuta ta a takarda, ka sa sunanta da garinta da kwanan wata. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ka nemi mutum huɗu da suka yi irin haka, ku zauna ku karanta wa juna, ku zaɓi mai riƙe akwati da mai riƙe littafin lissafi, ku sa ranar zama na biyu kafin ku tashi.